Kabad ɗin da Muka Cika wa Kawu

A layinmu na Panshekara kowa Kawu yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Ni kam a shekaru ya haife ni sarai. Gidansa da gidan hayar da nake ciki katanga ɗaya ta raba. Shi yana aiki a wata masaƙa a Sharada, ni kuma ina majemar fatu a Challawa, don haka da safe tare muke tura kekunanmu zuwa bakin titi, shi ya miƙe ni in karya kwana. Mutum ne dogo, mai tafiya ƙirji a gaba, kuma ban taɓa jin ya ranci ko sisi a wurin wani ba. In ya riƙe magana kuwa, sai dai kai ka gaji ka sakar masa.

Majalisarmu a teburin mai shayi take, bayan la'asar, idan masu aikin safe sun sauko. Abin da ke damun unguwa a nan ake baje shi. Akwai ruwan majemu da ke bi ta bayan gidajenmu, yau ja gobe baƙi, mai warin da har a tuwo kana jin sa. Akwai famfon da ya fi yawan busa iska. Babbar damuwar dai ita ce ciwo. Shekarun nan ne da kaya suka yi tsada, kamfanoni suna ta rage ma'aikata, asibitin gwamnati kuma ya koma wurin da likita zai duba ka da kyau, ya girgiza kai, sannan ya ce ka je kemis ka sayo komai, har audugar da za a goge maka jini.

Limamin masallacinmu ne ya kawo shawarar a kafa asusun unguwa, kowa ya riƙa jefa abin da ya sawwaƙa a ƙarshen wata saboda ranar ciwo. Ya ce kuma a tura dattawa wurin wani Alhaji mai kamfani a Bompai, a roƙe shi ya gina mana ɗan ɗakin shan magani don Allah. Kowa ya ce madalla, ban da mutum ɗaya.

"Malam, ba na ja da ku a kan lada," in ji Kawu. "Amma asibiti ba da sadaka ake riƙe shi ba. Tun ban yi gemu ba nake biyan haraji. Ubana an shanya shi a rana a ƙofar dagaci saboda haraji, ina kallo. An zo an soke wancan, aka ce talaka ya huta, amma ni har gobe kafin albashina ya iso hannuna an gutsure shi. To wannan da ake gutsura, ina yake zuwa?"

"Cikin wasu, Kawu," in ji mai shayi, yana juya madara.

"To sai mu je mu tsaya a kan haƙƙinmu. Sadaka ranar da mai ita ya tashi da fara'a ka samu, ranar da ya tashi da ciwon kai ka dawo hannu rabbana. Kuma wanda ya gina maka asibiti kyauta, gobe idan ruwan kamfaninsa ya shigo maka tsakar gida, da wane baki za ka yi masa magana?"

Liman ya yi murmushi ya ce, "Duk gaskiya ne, Kawu. Amma wanda ciwo ya kwantar yau ba zai jira a gyara gwamnati ba."

Ni a baki bayan Kawu nake, don ina jin daɗin yadda yake saka wa manya waigi, kuma ni ma idan na ga abin da aka yanke mini a ƙarshen wata raina ɓaci yake yi. A zuciya kuwa na san liman ya fi shi sanin duniyar da muke ciki. An dai fara asusun, ana jefawa jefi-jefi, Kawu bai taɓa sa hannu ba.

Ana nan sai ciwon ƙaba ya kayar da shi. Ya daɗe yana ɗaure ciki da ƙyalle yana zuwa aiki, bai faɗa wa kowa ba, har ranar da aka dawo da shi a motar kamfani yana naɗe kamar tabarma. Ɗakin maganin masaƙarsu ƙwaya kawai suke bayarwa, suka tura shi babban asibiti a cikin gari. Ni na raka shi. Likita ya ce aiki za a yi, kuma ba a son a ja lokaci. Babbar nas ta ɗakin, wata mata mai jiki da faɗa, ta jawo ni gefe ta lissafa mini abin da za mu kawo: ƙarin ruwa, allurai, safar hannu, zaren ɗinki, bandeji. Na koma na faɗa wa Kawu, na ce bari in je in gaya wa liman a sanar a masallaci.

Ya kama hannuna, duk da azabar da yake ciki riƙon ya yi mini zafi.

"Idan aka kira sunana a masallaci ana nema mini taimako, ban yafe maka ba. Kuma kada a taɓa mini asusun nan. Asibitin nan da kuɗina aka gina shi. Ina nan kwance har su yi mini aikin, ko su fitar da gawata."

Na san ba cika baki yake yi ba. Na dawo unguwa raina a dagule, ina jin haushinsa ina jin tausayinsa. Bayan sallar magariba muka tsaya a bayan masallaci, ni da liman da mai shayi. Liman ya ce abin mai sauƙi ne, a rufa wa dattijo asiri. Ba sanarwa, ba hula a ƙofar masallaci. A bi gida gida, a yi magana ƙasa-ƙasa, kowa ya ba da abin da zai iya, kuma kowa ya ɗauki alkawari maganar ba za ta fita ba. Haka aka yi. Aka kwashe ɗan abin da ke asusu, maza suka ƙara, mata suka kunto bakin zane. Har baƙon da ke kwana a zauren Kawu ya bayar. Wani mutumin Damagaram ne, magidanci mai sanyin magana, wanda ya bar iyalinsa can ya zo neman kuɗi. Kawu ne ya ba shi wurin kwana kyauta, ya kuma sa na yi masa hanya aka ɗauke shi leburan wucin gadi a majemarmu. Da na ce masa ya bar nasa, shi ma nema yake, sai ya ce, "Haba, mai masaukina ne fa."

Saura yadda za a shigar da kayan ba tare da Kawu ya gane ba. Wannan dabarar tawa ce, kuma a lokacin har alfahari na yi da ita. A ƙarshen ɗakin marasa lafiyan akwai wani farin kabad na ƙarfe mai kwaɗo, wanda daga gadon Kawu ana hango shi. Na kai wa babbar nas kayan a kwali ta ƙofar baya, na roƙe ta ta zuba su a ciki, sannan ta zo ta buɗe a gabansa ta ɗebo kamar na asibiti ne.

Ta kalle ni sama da ƙasa. "Ku mutanen nan da neman magana kuke. Ni za ka sa wasan kwaikwayo?"

"Ki taimaka, Hajiya. Idan ya san na jama'a ne, wallahi tashi zai yi ya tafi gida ya mutu."

Ta yi tsaki ta karɓi kwalin. Da rana kuwa ta zo da makullai suna ƙara, ta buɗe kabad, ta riƙa fito da kaya ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a kan tire. Ina kallon fuskar Kawu. Ya juyo ya dube ni, ya ɗaga gira kawai. Na sunkuyar da kai kamar wanda aka kayar a gardama.

An yi aiki, Allah ya ba da sa'a. Kafin damina ta kankama Kawu ya koma kan kekensa. Mu kuma daga ranar da ya dawo majalisa muka shiga uku.

"Ina masu cewa babu?" Haka yake buɗe zance, yana kurɓar shayi. "Akwai. Da idona na gani, kabad cike. Ɓoyewa suke yi, su ga wa zai tsorata ya ruga kemis. Ni da na kafe, ba ga shi sun fito da shi ba? Ga shaida nan, a gabansa aka yi."

Sai ya nuna ni, ni kuma in ce, "Haka aka yi, Kawu."

Mai shayi ya duƙar da kai cikin tukunyarsa yana danne dariya. Liman ya kama jan carbi. Da farko abin nishaɗi yake ba mu, muna haɗa ido muna ƙunshe baki. Amma a hankali maganar asusu ta mutu. Duk wanda ya tayar da ita, Kawu zai ɗaga riga ya nuna ɗinkin da ke mararsa, kuma babu mai amsar da zai ba shi ba tare da ya tona abin da muka binne ba. Tafiya wurin Alhajin Bompai ma aka daina zancenta. Kawu ya fara cewa mu haɗu mu je ofishin ƙaramar hukuma a Kumbotso mu nemi ɗakin shan magani da bakinmu, muna ce masa to, sai an ga wata. Mun ba shi gaskiya a fili, a ɓoye kuma mun daina yin komai.

Bayan 'yan watanni, mutumin Damagaram ya taka wani ƙarfe a wurin aiki, ya huda takalmin robarsa ya shige tafin ƙafa. A sashen da ake jiƙa fatu yake, inda ake wuni tsaye cikin ruwan magani. Leburan wucin gadi ba shi da katin ɗakin maganin kamfani, kuma ranar da bai zo ba heluma, wato shugaban leburori, zai sa wani a gurbinsa. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da shiga ruwan nan. Ƙafa ta kumbura, ta fara wari, zazzaɓi ya rufe shi.

Ina tura kekena da safe na gan su a ƙofar gida. Kawu ya ɗora shi a bayan keke zai kai shi bakin titi su hau bas. Kawun ya sha babbar rigarsa ta Juma'a.

"Asibiti za mu," in ji Kawu. "Ka gaya wa su Malam, kada wanda ya tara masa ko kwabo. Baƙona ne, ku bar ni da 'yan asibitin. Na san hanyar."

Mutumin Damagaram ya dube ni ta bayan kafaɗar Kawu. Ya san abin da na sani, da kuɗinsa a cikin kwalin nan. Amma shi ma ya ɗauki alkawari, kuma ba zai ƙaryata mai masaukinsa a gaban mutane ba. Kallon da ya yi mini na gane shi sarai: ku dai kun san abin da za ku yi. Na ce, "Allah ya sawwaƙe," na hau kekena na tafi aiki, don na kusa makara.

Da yamma na sami liman da mai shayi. Tsakiyar wata ne, aljihun kowa ya bushe, asusu kuma babu. Da a ce liman ya tashi bayan sallah ya faɗa a fili, na tabbata a ranar za a haɗa abin da ake nema, don akwai 'yan kasuwa da baƙi masu sallah tare da mu. Amma sanarwa tana nufin an taka maganar Kawu a bainar jama'a, kuma tambaya za ta biyo baya. Muka ce a bi ta hanyar da aka bi wancan karon. Aka fara zagaye gida gida ana raɗa. Wannan ya ce a dawo gobe, wancan ya ce a bari a yi albashi. Ni da kaina na ce ai ƙafa ce, ba ciki ba, za ta jira. Na faɗi haka ne don in samu in yi barci.

Kwanaki suka wuce. Kawu ya ɗauki hutu a wurin aiki, kullum yana can. Idan ya dawo sai ya ce mana taurin kai ma'aikatan asibitin suke yi, amma za su sauko, wancan karon ma haka suka fara. An ba baƙon gado, ana wanke masa ciwon da ruwan gishiri, an ce a kawo allurai da kayan aiki, Kawu ya ce su buɗe kabad. Na ji wannan da kunnena a teburin mai shayi, na ci gaba da kurɓar shayina. Tsoron fuskar Kawu nake yi, gaskiyar ke nan.

Ranar da kuɗin suka haɗu na nemi izini a wurin heluma, na biya kemis, na nufi asibiti da kwalina. Na bi ta ƙofar baya kamar wancan karon. Tun daga baranda na jiyo muryar Kawu. Yana tsaye a gaban farin kabad ɗin, marasa lafiya da masu jinya duk sun zuba ido.

"'Yar nan, ki ji tsoron Allah. Ni kin buɗe mini, shi don baƙo ne? Shi ma ana yankar masa haraji a kamfani. Ƙafar mutum tana ruɓewa kina yawo da makulli a ƙugu?"

Babbar nas ɗin ce dai. Na ga alama ta daɗe tana haɗiye maganar. Ta zaro makullan, ta buɗe kwaɗon, ta wangale ƙofofin biyu. Babu komai a ciki sai wani tsohon kwano da kwalba marar murfi.

"Baba, ga shi nan. Haka yake tun kafin ku zo, haka yake bayan kun tafi. Naku ma mutanen unguwarku ne suka sayo, ni na zuba a nan. Na yi ta gaya muku ku je ku nemo kaya, kun ƙi ji." Sai ta hango ni a bakin ƙofa. "Ga ma wanda ya kawo nan, ku tambaye shi."

Kawu ya juyo. Ya dubi fuskata, ya dubi kwalin da ke hannuna. Na so ya zage ni, ko ya ɗaga hannu ya mare ni, da na ji sauƙi. Bai yi ko ɗaya ba. Ya juya wajen gadon baƙonsa ya ce, "Kai ma ka sani?"

Mutumin ya rufe ido ya ce, "Ku yi haƙuri, Kawu."

Kayan da na kawo an yi amfani da su, amma ba don abin da aka saye su ba. Likita ya ce an makara, sai an yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Da ya warke, liman ya sanar a masallaci a fili, aka haɗa masa kuɗin mota da ɗan guzuri, babu wanda ya hana. Na raka shi tasha da sandunansa. Duk hanya ina neman yadda zan fara ba shi haƙuri, shi kuma yana ta yi mini godiya a kan aikin da na samo masa. Ya ce in gaishe da mutanen majema. Ban ƙara jin labarinsa ba.

Na sha zama ina auna maganar nan. Kawu bai yi ƙarya ba da ya ce da kuɗinsa aka gina asibitin, kuma kabad ɗin nan haƙƙinsa ne ya same shi a cike. Liman ma bai yi ƙarya ba. Mu ne muka ɗauki sadaka muka sa mata rigar gwamnati don kada ran dattijo ya ɓaci, muka hana shi ganin abin da ya kamata ya gani, muka hana kanmu yin abin da muka iya. Wanda ya biya kuwa shi ne wanda bai taɓa sa baki a gardamar ba. Har yau idan na tuna kallon da ya yi mini daga bayan keken nan, kunya ce take rufe ni.

Kawu bai sake zama a majalisa ba. Sau ɗaya ya kira ni zaurensa, inda tabarmar baƙon take naɗe a jingine.

"Su wa da wa suka bayar?"

"Kawu, kusan kowa ne. Har mata."

"Ka faɗa mini su, in san waɗanda zan gode wa."

"An yi alkawari ba za a faɗa ba. Ni ma ban riƙe duka ba."

Ya gyaɗa kai ya ce in tafi, ya gode.

Tun daga nan ya daina jirana da safe, ya riƙa fita tun kafin in shirya. Abin da na fara lura da shi, mutumin da a da sai an zo an durƙusa an gaishe shi, yanzu shi yake fara gaida kowa. Mai shayi, masu faci, matan da ke dawowa daga niƙa, duk sai ya rage murya ya tambayi lafiyar gida, ya ƙara da an gode. Mutane suka rasa inda za su sa kansu, wasu har sauya hanya suke yi.

Wata ranar Asabar ina dawowa daga Challawa a ƙasa, tayata ta yi faci ina tura keken, sai ga shi ya taho daga wajen Sharada a kan nasa. Na tsaya gefen hanya ina shirin rusunawa. Kafin in kai ƙasa ya ja birki, ya sauko daga kan keken, ya riƙe shi da hannu ɗaya, ya ɗan duƙa.

"Barka da yamma. An dawo lafiya? Ya iyali?"

"Kawu, don Allah ku hau kekenku."

"Ba komai," in ji shi. "An gode, Allah ya saka da alheri."

Bai hau ba sai da na wuce.